Ɗinki Bakwai a Ƙarƙashin Hular Baba

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Matameye, kuma na daɗe ni ke rubuta wa yara wasan kwaikwayon ƙarshen shekara. A da ba na rubuta wasan da ba faɗa a ciki, domin iyaye sun fi yin tafi idan wani ya faɗi. Jinin kuwa zoɓo ne. Mu dafa shi ya yi kauri, mu ɗura a leda, yaro ya ɓoye a hammata ya matse. Da an tashi, mamacin ne ke fara shanye ragowar. Iyakar sanina da jinin faɗa ke nan, har daminar da na ga na mahaifina.

Gonarmu ta gado tana kan hanyar Dungu. Da kakanmu ya rasu aka raba ta biyu tsakanin Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, aka dasa gamba a tsakiya ta zama iyaka. Baffa ɗan cin rani ne, Kano yake zuwa aikin gini, sai ruwa ya sauka yake dawowa. A waccan shekarar ya makara. Kafin ya iso, mai garmar shanun da Baba ya ɗauka ya tuge gambar ta gefen gabas, ya haɗa da kunyoyi biyu na gonar Baffa. Baba ya gani, ya ce zai gyara, bai gyara ba. A lokacin ko da wasa ba na yarda a faɗi wannan a gabana, amma haka aka yi.

Ranar da abin ya faru ina hutu. Da hantsi na ɗauki fura zan kai wa Baba, Goggo yayarsu ta biyo ni za ta tsinko tafasa. Tun daga nesa muka jiyo muryoyinsu. Baffa ya ɗaga hauya yana nuna inda gambar take a da, Baba yana matsowa yana cewa ya sauke masa ƙarfen nan. Har yau ban san ko duka Baffa ya kai ko hannunsa ne ya kuɓuce ba. Na dai ji ƙara kamar an fasa ƙwarya, Baba ya durƙusa.

Jinin kan mutum ba ya jira. Ya gangaro ta bayan kunne, ya bi wuya, kafin in ajiye furar ya jiƙa kafaɗar rigar sharkaf. Ya fi zoɓona duhu, yana ƙarni, nan da nan ƙudaje suka iso. Baffa ya saki hauyar ya juya ya nufi daji, ba da gudu ba, bai kuma waiwayo ba.

Na yaga gyalena na ɗaure kan. Sai na ciro salula na shiga ɗaukar hoto: kan, rigar, hauyar. Da na juyo in ɗauki ƙasa, na tarar Goggo a tsugune tana tura yashi da tafin hannu, tana bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya tana rufewa. Har ganyen geron da jini ya taɓa ta tsinke ta binne.

"Goggo, me kike yi haka? Shaida ce fa!"

"Shi ya sa, Madam," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kama shi ku tafi likita."

Na san abin da take nufi. A wajenmu rikicin iyaka, muddin a baki ya tsaya, na mai gari ne da dattawa. Da zarar jini ya fita, magana ta bar hannunsu, ta koma ta jandarma da takardar likita da kotu. Baffa zai shiga kaso a tsakiyar damina, da iyali cike da gida. Ko ya fito, ƴaƴansa da mu mun gaji gaba ke nan. Duk na san wannan, kuma shi nake so.

A likita, mai ɗinkin ya aske wurin, ya yi ɗinki bakwai, sannan ya ɗauki biro ya tambayi abin da ya faru.

"Hauyata ce," in ji Baba. "Na rataye ta a reshen gawo, na sunkuya, da zan miƙe muka gamu."

Mutumin ya kalle shi, ya kalle ni. Na buɗe baki, Baba ya damƙe min wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

"Uwata, samo min ruwa in sha." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Da muka koma gida na ɓoye rigar a leda cikin kayana. Washegari ya aika aka kira ni, ya ce in kawo ta.

"Baba, ka yi haƙuri, rigar nan sai hukuma ta gan ta. Da ƙarfen ya sauko kaɗan fa, da yau zaman makoki muke."

"Jinin da ke jikinta na wa ne?"

"Naka."

"To na yafe shi. In kika kai ƙanena, ni kika kai. Goge hotunan nan a gabana."

Na goge ina kuka, kukan haushi ba na tausayi ba. Goggo ta karɓi rigar ta jiƙa a ruwan sanyi, ta ce da na zafi aka sa da ya kama har abada. Sau huɗu tana sake ruwa, tana zubarwa a bayan gida inda ba mai gani.

Dattawa suka je suka sake dasa gambar, kunyoyin nan biyu suka koma wa mai su. Baba ya tara mu ya ce duk wanda Baffa ya tambaya, a ce masa ƙwarzane ne. Daga ranar bai ƙara fita ba hula ba, yana karkato ta kan kunnen dama, wanzami ma har ɗaki yake kiransa. Baffa bai zo sannu ba, bai nemi gafara ba. Suna gaisawa a masallaci, suna zama tabarma ɗaya a wajen suna, shi ke nan. Ni kuwa shekara tara gaisuwata da shi ba ta wuce ta fatar baki ba. A ganina mutum ne marar imani, Baba kuma ya cika sanyi.

Wasannina ma suka canza, har iyaye suka fara ƙorafin ba daɗi. Na kasa sa yaro ya faɗi. A littattafan da na karanta da wasannin da na rubuta wa yara, jini yana zuba a rufe labule a tashi. Ba wanda ke nuna matar da za ta tsuguna ta rufe shi da yashi, ko wadda za ta wanke rigar, ko mutanen da za su ci gaba da zama unguwa ɗaya bayan nan.

Bara Baba ya rasu bayan gajeriyar jinya. Baffa ne mafi kusa, shi aka ba wankan gawa. Ya daɗe a ɗakin har mutane suka fara kallon juna. Da ya fito, hannun rigarsa a jiƙe, bai nufi waje wurin maza ba. Ya ratso cikin mata ya tsaya a kaina.

"Ɗiyata, tabon nan na bayan kunnensa…"

"Naka ne, Baffa."

"Ce min aka yi ƙwarzane ne."

"Ɗinki bakwai aka yi masa."

Ya zame ya zauna a ƙasa kusa da turmi, tsoho da furfurarsa, ya dafe kai da hannu biyu. "Shekara tara," yake ta cewa, "shekara tara yana ba ni hannu da wannan a kansa."

Na daɗe ina dakon maganar nan don in jefa masa ita, na zaci ranar da na faɗa zan ji sanyi. Kunya na ji. Baba ya rufe abin nan har ya koma ga Allah, ni kuma ban bari ko binne shi an yi ba na tona. A waje an kawo makara, ana ta kiran Baffa, shi kuwa ya kasa tashi. Na durƙusa na kama masa hannu, karo na farko tun ranar gonar.

"Tashi, Baffa. Yayanka yana jiranka."