Maƙalin Shanya a Yatsun Surayya

Nafiou mutumin Tasawa ne, ya zo Libreville yana saurayi. Ya yi dako a Owendo, ya yi aikin gareji, yanzu taksi yake ja tsakanin Nzeng-Ayong da Louis. Gidanmu ɗaya, igiyar shanya ce ta raba ƙofata da tasa. Ba ya zagi, ba ya fashin salla. Cutarsa ɗaya: duk abin da ya ƙi tafiya daidai, a wajensa ɗauri ne magani. Ƙofar motarsa da roba take ɗaure, madubin da waya. Faransancin da ya tsinta a gareji kuma gani yake ya ishe shi, ba ya tambayar kowa fassara.

'Yarsa Surayya shekararta huɗu, tana ajin ƙanana. Dunƙule fensir take yi kamar mai riƙon muciya. Wannan ba ciwo ba ne. Duk yaran da na raina haka suka fara: dunƙule, sai yatsu duka, sannan a hankali babban yatsa da manuniya su kama, na tsakiya ya tallafa. Amma malamarsu ta kira uban, ta ce yatsun ba su yi ƙwari ba, in ba a taimaka a gida ba yarinya za ta sha wuya a aji na gaba. Ta ce a yi mata aikin pans.

Pans a Faransanci kamun yatsu biyu ne, maƙalin shanya ne, kuma filayar makaniki ce. Nufin malama a ba yarinya maƙalai ta yi wasa, tana matsawa tana maƙala su a bakin kwano. Nafiou kuwa pans ɗin gareji ya ji, wato a datse yatsun; da filaya ta yi musu girma, sai ya ɗauko maƙalan shanya.

Bayan la'asar na jiyo shessheƙa, na leƙa. Surayya na kan tabarma. Ya jera mata yatsu uku a kan fensir, ya naɗe da roba, ya kuma datse kowane yatsa da maƙali. Kan yatsun ya kumbura ya yi baƙi. Majina ta sauko har cikin bakinta, ƙudaje na bi, ba damar sharewa, don hannun hagu yana ƙarƙashin cinyarta da umarninsa. Uwarta Lailatu na tsaye a bakin murhu tana juya miyar da ta riga ta nuna. Na ƙarasa wajensu.

Na ce, "Nafiou, taya kake liƙi ko me?"

Ya ce, "Hajiya, madam ta lakwal, malamarsu, ita ce ta ce. Pans! Da kunnena na ji."

"Kunnenka dai ya ji, kanka bai ji ba. Ke kuma Lailatu, bakinki ma an datse ne?"

Ta ce, "Inna, na yi magana, ya ce me na sani a boko."

Na cire maƙalan. Sawunsu ya fito raɗau a fata. Shi kuwa cewa ya yi na ɓata masa aiki, saura kaɗan hannun ya zauna.

Daga ranar, da yarinyar ta ga fensir sai ta cusa hannu cikin riga. A aji ma haka, har malama ta fara zancen maimaita shekara. Lailatu ce ta ɓoye kowane fensir na ɗakin. In zan yi ƙosai, Surayya ke tsintar min wake. Uwarta ta riƙa ba ta ƙullin fulawa tana murzawa, tana mulmula ƙananan dunƙule. Can na karya alli, na ba ta guntun da ba ya dunƙuluwa, dole sai da yatsu. Ta daɗe tana zane a simintin tsakar gida kafin ta yarda da takarda. Ta wuce ajin da ƙyar.

Jiya na shiga taksin Nafiou zuwa kasuwa. Ina baya yana gaya wa wani fasinja yadda ya gyara hannun 'yarsa da pans, har yana ba shi shawara ya gwada a nasa ɗan. Na ce ya tsaya, na sauka na ƙarasa da ƙafa.

Ƙanwar Surayya, Sajida, ta fara ɗaukar cokali a dunƙule. Ni da Lailatu mun kwashe maƙalan gidan kaf. Yanzu ƙulle kayan muke yi a igiya.