Baba Bukar da Abin Cikin Lambatu

Duk wanda ya zauna a gidajen malamai na Haɗeja, zamanin da ruwan famfo ke zuwa safe da yamma, ya san Baba Bukar mai gyaran famfo ba ya kwance bututu sai ya ƙwanƙwasa shi sau uku da sifana, ya kara kunne. In ka tambayi dalili sai ya harare ka ya ce, "Kai haka kake faɗa wa gidan mutane ba sallama?"

Ni da maigidana Bitrus daga Filato aka turo mu koyarwa, kuma Baba ne mutum na farko da ya shigo gidanmu. Kai, ban taɓa ganin mai tattali irinsa ba! Jakarsa cike take da tsohuwar robar tayar keke. Famfonmu ya fara ɗiga, Bitrus ya sayo sabon kan famfo daga Kano yana ta murna. Baba ya juya shi, ya miƙa masa abinsa.

"Malam, shi tsohon me ya yi maka? Mura ce kawai yake yi. Kai in ka yi mura sai Malama ta canza ka?"

Ya naɗe tsohon da roba, ɗiga ta tsaya cak. Sabon yana nan cikin kabad ɗina har yau, a ledarsa.

Da muka sayi bidiyo, falonmu ya zama dandalin unguwa. Wata Asabar da la'asar aka aro mana kaset ɗin fim ɗin ban tsoro na Turawa, Baba kuwa ya zo duba tanki, sai ya tsuguna bakin ƙofa. A fim ɗin jini ya riƙa zuba daga famfo, aka kira mai gyara, yana sunkuyawa wani hannu ya fito daga magudanar ruwa ya shaƙe shi. Falo ya kaure da ihu, ni kam na rufe fuska da ɗankwali. Sai muka ji Baba ya buga tsaki.

"A mayar baya!"

"Baba, a mayar da me?"

"A mayar in gani! Kun ga? Bai kashe ruwa daga waje ba, bai ƙwanƙwasa ba, kuma sifanar ma a juye ya riƙe ta. Wannan ko dodo bai kashe shi ba, masu gidan za su kashe shi."

Sau uku ya sa muka mayar. Tun daga ranar, duk yaron da ya yi masa aikin ganganci sai ya ce, "Ɗan'uwan Bature!"

Muka yi ta dariya, amma ni fim ɗin bai fita daga raina ba. Daminar ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya malalo har bayan gidajenmu. Rannan na buɗe famfo sai ga ruwa ja. Washegari ina wanka na ji wani gurnani daga cikin lambatu, ƙasan ƙafata. Wallahi ban ɗauraye sabulu ba na fito. Na haɗa akwatuna, na ce wa Bitrus ko da shi ko ba shi, gobe ina motar Jos, aikin ma na yafe. Ya lallashe ni, ya gaji, ya aika a kira Baba.

"Malama, jan ruwa tsatsa ce da laka," in ji Baba. "Gurnani kuwa a kunnenki yake. Kin ci fim ya ƙi narkewa."

Ya zagaya bayan banɗaki muna biye da shi, ya ƙwanƙwasa murfin lambatu sau uku, ya kara kunne. Jama'a, sai aka amsa! Wani gurnani mai kauri, da motsi kamar ana juya tsumma cikin laka.

"Innalillahi!"

Ban san tsoho na da gudu haka ba. Takalminsa ɗaya a nan ya bar shi. Can sai ga shi ya dawo a hankali yana gyara hula.

"Sifana na je ɗaukowa."

"Baba, ai ga ta a hannunka."

"Malama, ki bar ni in yi aikina."

Ya dubi akwatunana a baranda, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfin ya zura hannu har kafaɗa. Ya jawo wata ƙatuwar gaiwa, kifin nan mai shiga laka, da ambaliya ta koro. Ya ɗaga ta sama tana mutsu-mutsu.

"Ga dodonki nan. Zan kai shi gaban uwargida ta yanke masa hukunci da barkono. Ke kuma kwance kayanki, yaran garin nan na jiranki a aji."

Na kwance. Shekara ashirin na ƙara a Haɗeja, a nan na haifi 'ya'yana duka. Sai bayan rasuwar Baba matarsa ta gaya mini kwana uku ya yi ba ya yarda ya shiga banɗaki sai ta tsaya masa a ƙofa. Ashe ya fi ni tsoro, ya dai zura hannun ne don kada in tafi.

Ina kewarsa ƙwarai. Har yau in famfo ya yi gardama, sai in tsinci kaina ina ƙwanƙwasa shi sau uku da cokali. Allah ya jiƙan Baba Bukar, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan da ba ya yankewa.