Ni da Ido, Shi da Ƙafa

Ƙanena ya sauka a tashar Tawa da jaka ɗaya, sanye da riga mai dogon hannu, a tsakiyar bazara. Bayan girbi ya tafi biɗa Abijan, wato ci-rani, kamar yadda samarin Adar suka saba, ya sami aiki a wani wurin yankan katako. Can inji ya ɗauke masa hannun dama daga wuyan hannu. Labari ya iso mu ta waya tun yana asibiti. Inna ta yi kukanta ta share hawaye, kowa ya ce Allah ya sa kaffara ne. Abin da ba mu zata ba shi ne zai iso Tawa ya ƙi ƙarasawa gida. Ƙauyenmu yana wajen Tebaram, ba wata tafiya ba ce a kan babur, matarsa kuma tana can da tsohon ciki. Shi kuwa ya shimfiɗa tabarma a ɗakin bayan shagona, ya ce nan zai huta tukuna.

Gyaran kwamfuta da waya nake yi, kusa da kasuwa. Ba ni da haƙuri, duk wanda ya taɓa kawo mini aiki zai ba da shaida. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na koma faɗa. Sai da na gaji na yi shiru sannan na gane abin da ke damunsa. Ba noma yake tsoro ba, ya ce hagu ma za ta koyi riƙon hauya. Gaisuwa yake tsoro. A garinmu namiji ba ya wuce namiji bai miƙa masa hannu ba, daga bakin rijiya har ƙofar masallaci. Hagu kuwa kowa ya san aikinta, ba a miƙa wa mutum ita, ba a sa ta a kwanon da ake ci tare. Idan mai kawo gyara ya yi sallama, kafin in amsa ƙanena ya shige ciki. Abincinsa da cokali yake ci, shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya. Wannan juya bayan ya fi dungun hannun ci mini rai.

A shagon akwai wata babbar kwamfuta da wani injiniya ya sayar mini lokacin da aka canja masa wurin aiki. A cikinta na tarar da wani wasa. Birni ne na zamanin da bai zo ba, benaye har sun toshe sama, fitilu ja da shuɗi ko'ina, ruwa yana zuba ba ya ɗaukewa. Kai ne wani ɗan ta-kife da ake aika aikin haɗari: ka shiga nan, ka harbe wancan, ka kwaso wani abu ka kai wa wani. Mutanen birnin rabinsu nama rabinsu ƙarfe. Wani idonsa gilashi, wani ƙafarsa waya da kusoshi. Nakan taɓa wasan tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana take korar kowa daga titi, in kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba.

Wasan hannu biyu yake so. Hagu tana kan madannai, ita ke tafiyar da mutumin, gaba, baya, gudu, tsugunne. Dama tana kan linzamin kwamfuta, ita ke juya ido da harbi. Wata rana ina fama da wasu ƴan bindiga a kan wata gada, sai na ji numfashi a bayana.

“Yaya, kai ba ka iya tahiya ba,” in ji ƙanena. “Ana halbinka kana tsaye awa turke.”

“To zo ka yi, tunda kai gwani na.”

Da baƙar magana na faɗa. Sai ya jawo benci ya zauna a haguna, ya ɗora yatsunsa a kan madannai. Na janye hannuna na hagu na ajiye a cinya. Haka muka zama mutum ɗaya, shi da ƙafa, ni da ido da bindiga.

Farkon abin ban dariya ne. In duba gabas, shi ya nufi yamma. Mun faɗo daga bene, mota ta take mu, mun shiga wuta da ƙafarmu. Kowace mutuwa sai an yi shari'a a kan mai laifi, kuma ban taɓa yarda ni ne ba. A hankali muka daidaita, har ya zama kafin in juya ido ya san inda zan duba. Ran da muka tsallake gadar nan ya yi dariya har da buga ƙafa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya tafi biɗa.

Yadda yake wasan ma nasa ne shi kaɗai. In mun iso ƙofar gidan wani sai ya tsaya cak. In ce ya shiga mana, ya ce ba a yi mana izini ba. In na miƙa hannun mutumin namu zan ɗauki harsashi ko magani a kan teburin mutane, sai ya ja da baya don kada hannun ya kai. “Wanga sata ta, Yaya,” haka yake cewa. Na yi masa bayani cewa don a ɗauka aka ajiye, ya ce ɓarayi ma haka suke cewa. Harbin mutane bai dame shi ba, tunda su suka fara. Amma a bi ta kan tabarmar wani da takalmi, wannan sai an yi rigima.

Akwai wuri ɗaya da na yi ta kauce wa. A wani lungu, ƙarƙashin ƙasa, akwai likitan da ke sauya wa mutane gaɓoɓi. Na san wurin tun ina wasa ni kaɗai. Hannuwan ƙarfe ne rataye a bango, jere kamar kayan maƙera ranar kasuwa. Duk lokacin da muka bi ta lungun sai in juya idon mutumin wajen mai sayar da taliya, in ce mu yi sauri. Ƙanena ba yaro ba ne. Wata rana ya karya kwana ya nufi matakalar. Na juya ido zuwa bango, ya ci gaba da tafiya. Muka sauka a karkace, muna kallon siminti, ƙafa tana kai mu inda ido ba ya so.

“Ɗaga kai in gani,” ya ce.

Na ɗaga. Ya daɗe yana kallo. Ya sa na karanta masa bayanin kowane hannu, don Faransancinsa bai wuce na tasha ba. Wannan yana fasa ƙofa, wancan yana fitar da wuƙa, wani yana harba wuta. Ya zaɓi wanda ba ya komai sai riƙo. Aka kwantar da mutumin namu, allo ya yi duhu, ya farka yana motsa yatsun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya a gaban idonmu. Na saci kallon ƙanena, na ga dungun hannunsa yana motsi a cikin riga.

Ban san me na zata zai ce ba. Abin da ya ce shi ne, “Mu hita waje.” Muka fita titin birnin wasan, ya tsayar da mu a bakin wata kasuwa, ya ce in bi mutane da kallo. Muka tsaya muna kallon masu wucewa kamar ba mu da aikin yi.

“Ka lura?” ya ce. “Tun da munka shigo garin ga, ban ga wanda yab ba wani hannu ba. Kowa shina cin abinci nai cikin kwali, tsaye, shi ɗai. Babu mai dubin wani.” Ya janye yatsunsa daga madannai. “Garin ga ya dace da ni, Yaya.”

Maganar ta soke ni, har yau ina jin ta. Ni duk tsawon lokacin nan ina murna na samo masa abin da ke sa shi dariya, ashe shi gari ya samu wanda ba a gaisawa. Waɗanda suka ƙera birnin nan sun yi shi ne don ya ba mutum tsoro, ya ga inda duniya za ta in aka bar ta. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai dube shi ya ga wurin hutawa ba. Na yi ta juya abin a raina ina kwance wayoyin mutane. Gaisuwar da muke taƙama da ita, wadda muke cewa ita ta bambanta mu da garuruwan da ya je biɗa, ita ce ta tsare shi a ɗakin bayan shago. Ban daina ganin kyanta ba, amma daga ranar na san tana da nauyi, kuma ba kowa ke ɗaukarsa daidai ba.

Ana cikin haka, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna ta kira. Matar ƙanena ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. Na ba shi wayar. Na ji muryar Inna tana fita: “In ba ka zo suna ba, mi za ni ce ma mutane? Hannu anka yanke maka ko ƙahwa?” Ya yi ta cewa to, to. Da ya ajiye ya ce mini ba ya zuwa. Ranar suna uban jariri ne ke tsayawa a ƙofar gida, duk namijin da ya zo sai ya ba shi hannu ya yi masa barka. Gari guda. Ya ce in je a madadinsa.

Ya jawo benci ya ɗora yatsu a kan madannai, wai mu ci gaba. Na zauna. Muka shiga wani gidan ajiya, ƴan bindiga suka taso mana, sai na ɗauke hannuna daga linzami na naɗe a ƙirji. Ya yi gudu, ya tsuguna, ya ɓuya, ba ya ganin gabansa, har aka kashe mu.

“Ba ni ƙara riƙa maka,” na ce. “Kuma in nit tahi ni ɗai, liman ya tambayi suna, ni ka zaɓe. Sunan mai taliyar can za ni ba shi.”

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya shige ciki. Kwanakin da suka biyo baya ba mu kunna kwamfutar ba, magana ma sai ta dole. Ban sani ba ko barazanata ce ta yi aiki, ko maganar Inna, ko hoton jaririn da aka turo wanda na gan shi yana ta buɗewa. Jajibirin suna ina ɗaure kaya a babur ya fito da jakarsa ya hau baya. A hanya ya gindaya mini sharaɗi: zai ga ɗansa, zai gaya wa liman suna ta bakina, amma ba zai fito ƙofar gida ba. Na ce to, don kada ya sauka a daji.

Da safe maza suka cika tabarmi a ƙofar gida. Aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka faɗi suna, aka shafa. Ina tsaye inda uban jariri ya kamata ya tsaya, kunya ta ishe ni. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, shi ya yanka ragon. Ya miƙe da jini a hannu, ya dubi inda nake, ya ce, “Ina uban ɗa? Ba kai ba.” Ya nufi zaure yana kiran ƙanena da sunan da ake kiransa tun yana yaro. Ba a ƙin amsa kiran Baffa. Ƙanena ya fito, hannun dama a cikin aljihun riga, idonsa a ƙasa.

A wajenmu in hannun mutum da jini, ko maiko, ko yana cikin cin tuwo, ba ya fasa gaisuwa. Dunƙule hannun yake yi ya miƙa wuyan hannu, kai ma ka taɓa. Abin da Baffa ya yi ke nan. Ban sani ba ko da niyya ya ƙi wanke hannu, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ya dunƙule, ya miƙa, ya tsaya yana jira. Ƙanena ya dubi hannun. Sai ya zaro nasa daga aljihu, ya kai dungun ya taɓa wuyan hannun Baffa.

“Barka,” in ji Baffa. “Allah shi raya.”

“Amin, Baffa.”

Na bayan Baffa liman ne, hannunsa a bushe, tas. Ya dunƙule shi ya miƙa wuyan hannu. Maƙerin garinmu ya biyo, ya yi haka. Tsofaffi suka taso daga tabarmi, samari suka bi baya, ba wanda ya ce wa wani komai, kowa ya iso sai ya dunƙule hannu. Na koma gefe na jingina da bangon zaure, don idona ya cika kuma ba na so a gani. Layin ya yi tsawo, hannun ƙanena ya fara gajiya. Bai mayar da shi aljihu ba. Ya kawo hagu ya tallafe gwiwar hannun, yadda ake yi in za a gaida manya, ya ci gaba da amsa barka.