Tumatirin da Na Sata a Gonar Yaya Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habu, amma har yau idan na sauke kwando a bakin titin Kura sai an sami wanda zai ɗauki tumatirina ya jujjuya, ya ce, "Allah Ya ji ƙan Habu." Nakan ce amin. Sai dai gaskiya addu'ar tana sosa mini rai, don na san abin da ake nufi.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shi dogo ne mai wushirya, duk dashen da ya taɓa sai ya kama. Ni kuwa gajere, kuma abin da na shuka sai na yi ta lallashinsa. Gonakinmu na noman rani suna jere a bakin kanal ɗaya, ruwan da ya sha shi nake sha, amma tumatirinsa ya fito jajir, kansu ɗaya, ga tauri, dillalai suna rububi. Na yi kishinsa, kishi na gaske.

Wata shekara na yanke cewa asirin yana cikin iri. Girman kai ya hana ni tambaya. Da ya tafi masallacin Juma'a sai na tsallaka na tsinki manya guda biyar, na matse 'ya'yan, na shanya, na adana kamar yadda muke yi da irin gargajiya. Da rani ya zagayo na shuka. Abin da ya fito ya isa abin kunya: wani dogo, wani kamar goruba, wani ruwa tsululu, wani ko nuna bai yi da kyau ba. Yaya Habu ya tsaya a kan kunya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ya san komai, kuma nasa irin kamfani ne na gwangwani, wanda ba a maimaita shi.

"Garba, da ka tambaya ai da na raba maka," in ji shi. Maganar nan ta fi dariyar ciwo.

Bara 'yata Rabi, wadda take koyar da kimiyya a wata sakandare a Bunkure, ta warware mini abin. Ta ce kafin a samu ɗa, ko na mutum ko na tumatir, ƙwayar halittar uwa da ta uba kowace sai ta rabu ta ba da rabin abin da take ɗauke da shi, kuma kafin rabuwar gadon kakanni yakan cakuɗe, shi ya sa kowane ɗa da irin rabon da yake tashi da shi. Irin kamfani haɗi ne na iri biyu, 'ya'yansa dole su watse. Mu ma haka muka watse, ni da Habu.

Da Yaya Habu yana raye, da ya ga shinkafa ta cinye rabin filayen tumatir, da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Na san shi zai fara saye, kuma na san nasa zai fi nawa ja.

Na tambayi Rabi, to me ya sa a rabon aka ba Habu komai? Sai ta yi dariya, wushiryarta ta bayyana, irin tasa sak. Rabi doguwa ce, kuma barkonon da ta dasa a tsohon bokiti a tsakar gida ya fi na gonata 'ya'ya.

"Baba, to ni a ina na samo?" ta ce. "Wani abin yana jikinka, bai dai fito ba ne."

Ta faɗa ne don ta sanyaya mini zuciya. Ni kuwa abin da na ji shi ne, shekara hamsin ina leƙen gonar Habu, ashe ina ɗauke da kayan, aka ratsa ta jikina aka kai wa wata. Yanzu kullum da safe shi nake gani yana gaishe ni a cikin gidana. Allah Ya ji ƙanka, Yaya. Ko a nan ma ka riga ni.