Mililita Goma a Sirinjin Sista Asabe

Wata rana da hantsi, a Gusau, Lubabatu ta zauna tana duba manhajar da ta rubuta wa wasu ƙananan asibitoci bakwai. Aikin manhajar lissafa yawan maganin da za a ba jarirai.

Kwana biyu kafin nan ta yi mata gyara don ta ƙara sauri.

Yawancin ma'aunan da ke ciki da kilas, tsarin rubuta manhaja na yau da kullum, aka gina su, wanda ke riƙe da sunansa ko manhaja na aiki. Ita kuwa ta mai da miligiram da mililita wani sabon salo da masu rubuta manhaja ke kira ekstenshan tayif, ta zuba su jeri ɗaya da tsofaffin, ta tura wa asibitocin ba ta gwada ba.

Abin da ta manta shi ne, da zarar manhaja ta fara aiki, sabon salon yakan rasa sunansa. Lamba ce kawai ke saura, manhaja ba ta iya bambance miligiram da mililita.

Ta rubuta miligiram goma don gwaji.

Allo ya nuna mililita goma. Ninki biyar na mililita biyun da ya kamata ya nuna.

Ta ɗauki waya. Nan take ta kira Sista Asabe, babbar nas a asibiti mafi kusa.

"Sista, don Allah kada ku ba kowa magani da manhajar nan!"

"'Yata, ai na riga na zuƙa a sirinji. Ga jaririyar a cinyar uwarta."

"Kin ba ta?"

"Ban ba ta ba. Shekara ashirin da biyu ina aikin nan, ban taɓa ba 'yar wata huɗu wannan yawan ba. Amma sauran asibitocin fa?"

Lubabatu ta shiga kira. Biyar suka ɗauka, babu wanda ya kai ga bayarwa.

Na ƙarshe, a wani ƙauye, waya a kashe.

Ta hau acaɓa, tafiyar awa guda, tana salati, hawaye na bin fuskarta. Fuskar tata 'yar da ta bari a gida kawai take gani.

Da ta isa ta tarar kwana huɗu ba su da sabis. Gyaran bai taɓa sauka a wayarsu ba.

Nan bakin ƙofa ta zauna a ƙasa.

Darasi: Don kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, ba ya nufin aikinka daidai ne. In ka haɗa sabo da tsoho, gwada kafin ya isa hannun mutane.

Tura wa duk wanda ka sani yana rubuta manhaja.