Wawason da Na Hana

Ni mace ce mai saurin hannu da saurin baki, kuma ban cika yin da-na-sani ba. Amma akwai wata ayaba da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

A ƙarshen shekarun casa'in muna zaune a unguwar Mohandessin, a wata ƙasar Larabawa. Maigidana yana aiki a ofishin jakadanci, ni kuma ina fama da yara uku a hawan ƙasa, barandarmu na kallon titi. Mai taya ni aiki 'yar Filifin ce, Kirista, ta girme ni nesa ba kusa ba. Anti yarana suke ce mata, ni ma na bi bakinsu. Da gurgun Larabcinta da nawa muke fahimtar juna.

Ba ta da surutu sai an taɓo garinsu, wani ƙaramin gari na masu yaren Tagalog a bakin teku. Shinkafa a fadama, kwakwa a tudu, in ba aikin gona maza su fita kamun kifi. Ta sha ba ni labarin tsohuwar hasumiyar dutse da kakanninsu ke hawa don hango 'yan fashin teku, da yadda ake fasa kwakwa a busar a kan hayaƙi a kai wa masu matsar mai. Har bikinsu na godiyar amfanin gona da ake yi a tsakiyar watan Mayu ta taɓa ba ni labarinsa, ina gyaran alayyafo, ya bi ta bayan kunnena.

Wata shekara wasiƙa ta zo mata, ta yi kwanaki ba walwala, ban kuwa tambaye ta ba. Rannan ta ce, "Madam, gobe zan rataya kaya a baranda kafin in tafi coci." Na ɗauka shanya take nufi, na ce tamam, ba matsala.

Washegari na dawo daga kai yara makaranta, sai na tarar da barandata ta koma rumfar kasuwa. An ɗaure rake a jikin ƙarfe, an rataya ayaba da lemo da masara da burodi, har da kwakwa biyu. Ga matar maigadin gidanmu ta miƙa hannu tana tsinkar ayaba, mutane sun tsaya suna kallo. Raina ya tashi. Na kira ta ɓarauniya da duk Larabcin da na iya, ta saki ayabar ta shige ɗakinsu. Na ɗauko almakashi na yanke komai na jera a firji, ina ta tunanin abin da matan abokan aikin maigidana za su ce in sun gifta.

Da Anti ta dawo, har da alfaharina na ce, "Na tsare miki kayanki, saura ƙiris a sace su."

Ta buɗe firji ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a ƙasan kicin, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce yau ce ranar bikin godiyar nan, a garinsu kowane gida yakan rataya mafi kyawun abin da gonarsa ta bayar, in masu zagayen coci sun wuce sai jama'a su yi wawaso. Gidan da aka wawashe tas shi ne ya gode wa Allah. Mayar da kayan ɗaki kuwa kamar ka miƙa kyauta ne ka janye hannu.

"Wasiƙar nan," in ji ta, "ƙanena ne. Guguwa ta karya kwakwarmu, ya sayar da gonar ga masu gina masaukin baƙi. Tun zamanin kakana ƙofarmu ba ta taɓa zama fayau ba sai bana. Na ce bari in yi a madadinsu. Ni na roƙi matar maigadi ta fara ɗauka, don mutanen nan kunya suke ji."

Na ce, "Ma'alish, Anti, yi haƙuri, tashi mu mayar."

"Khalas, Madam, ya wuce. Abin da ya koma ɗaki ya koma."

Na je na ba matar maigadi haƙuri, ta amsa ba tare da ta dube ni ba. Yarana ne suka cinye ayabar, Anti ko ɗaya ba ta taɓa ba.

Da shekara ta zagayo na tafi kasuwa da kaina, na sayo rake da ayaba na ɗaura a baranda, na kira Anti ta gani. Ta duba ta ce, "Godiyar wace gona, Madam?" Ta koma kan wankinta.

Na bar su a rataye, ina leƙe ta bayan labule ko wani zai miƙa hannu. Rana ta dake su har la'asar, ayabar ta yi baƙi. Babu wanda ya taɓa. Duk layin sun san barandar wace ce.