Ranar da Na Wanke Ƙwaryar Gwaggo

Shekarar da na gama jami'a na dawo Daura da kwali ɗaya da kai cike da bakteriya. Aikina na kammalawa a kan santsin nan ne da ake tararwa a cikin tsohon bututun ruwa. Ita bakteriya ba kullum take yawo ita kaɗai ba. In ta sami wuri mai daɗi sai ta tsaya ta hayayyafa, su fitar da danƙo su lulluɓe kansu, su zama gari guda. Masu yanke shawarar a tsaya ko a wuce wasu guntayen saƙonni ne a cikin ƙwayar, ana ce musu ƙananan RNA. Ba sa gina komai da kansu. Su dai su toshe wannan umarni su saki wancan: a bar iyo, a fara gini. Na haddace wannan tsaf, kuma kowane babi na rufe shi ne da yadda za a rushe garin.

Kafin a kira mu bautar ƙasa, aka tura ni zama wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda mijinta ya rasu. Sana'arta kindirmo. A da a tasha take zama, amma da aka ƙaddamar da shari'a wa'azi ya yi yawa a kan zaman mata a can, babban ɗanta ya matsa, ta dawo gida. Tun daga nan ba ta da talla sai ɗanɗano. Shi yake kawo direbobin Kwangwalam har zaurenta, shi ya sa wani dattijo a Baure yake aiko da galan duk mako.

Ƙwaryar da take kwantar da madara a ciki ta mahaifiyarta ce. Ta yi baƙi, an ɗinke ta a wuri uku. Sabulu bai taɓa shiga cikinta ba, kurkura ce kawai da ruwan ɗumi. A gefenta akwai ɗan ƙoƙo rufe da faifai, inda take rage nonon jiya ta zuba a madarar yau. Shi take kira iri.

Wata rana ta tafi ta'aziyya Mashi, kwana biyu. Da hantsi na ɗauko ƙwaryar, na shafa yatsa a ciki, na ji santsi. Wallahi daɗi na ji. Shekara huɗu ina karanta abu a takarda, ga shi yau a hannuna, a gidanmu, kuma babu mai iya gane shi sai ni. Na dafa ruwa, na samo soson ƙarfe da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na dirje ta har ta yi fari, na bi ɗinkin da tsinke. Ƙoƙon iri kuwa na shinshina, na yatsine fuska, na juye a kwata.

Da ta dawo, a tsakar gida na jingina mata ƙwaryar don kada ta wuce ba ta gani ba. Ta tsaya, ko mayafi ba ta cire ba.

"Wannan ta waye?"

"Taki ce, Gwaggo. Na wanke miki."

Ta ɗaga ta, ta sa hanci a ciki, ta daɗe. Sannan ta buɗe faifai ta ga ƙoƙo wayam.

"Sannu da aiki, Likita," ta ce. Ni ba likita ba ce, amma daga ranar sunan ya bi ni.

Madarar da ta kwantar da yamma, da safe ba ta kama ba. Ta washegari ta tsinke, ruwa a sama, gudaji a ƙasa, da wani ɗaci-ɗaci. A rana ta uku Gwaggo, wadda shekara da shekaru ita ake roƙo, ta sa mayafi ta shiga maƙwabta roƙon iri. Nono ya kama. Fari tas, babu abin kushewa, irin wanda ake samu a kowane gida.

Direbobi suka fara janyewa, zauren ya fara yin shiru. Dattijon Baure ne ya aiko da tambaya tare da galan ɗinsa: ko Hajiya ba ta da lafiya ne, wani yake yi mata? Mako biyu bayan nan galan ya daina zuwa.

Ni kuma, da yake ilimi ba ya barin mutum ya yi shiru, na zauna na yi mata bayani. Na gaya mata santsin gari ne na masu rai, na gaya mata labarin ƙananan RNA. Ina cikin magana na ji abin da bakina yake faɗi. Garin da na rushe shi yake yin nonon. A littattafaina ma an rubuta cewa akwai na kirki, ni ce ban ja layi a ƙarƙashin wurin ba don ba ya fitowa a jarrabawa.

Ta saurare ni har ƙarshe tana murza fura.

"To su ƙananan nan masu cewa a zauna, in an lallashe su za su sake cewa a zauna?"

"Za su ce, Gwaggo. A hankali wani garin zai kafu."

"Wani."

"Eh."

"Na Inna dai sun tafi ke nan."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunya kaɗai ba ce. Kakata ta rasu kafin a haife ni. Ashe abu ɗaya nata da ya rage da rai a duniya yana cikin ƙwaryar nan, kullum ana ciyar da shi madara, ni kuma na zo da digiri na kashe shi kafin azahar.

Gwaggo ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Ta sayi sabuwar ƙwarya ta ci gaba, ciniki ya ɗan farfaɗo, bai koma yadda yake ba. Duk ranar da zan kai mata ziyara, ɗakin nono a kulle nake samunsa.

Da aurena ya zo, cikin kayan da dangi suka tara sai ga ƙwaryar, an naɗe ta a sabon zane. Gwaggo da kanta ta miƙo mini a gaban mata.

"Ga gadon kakarki, Likita. Ki kwantar da hankalinki, babu kowa a ciki."